Tabkin da Ya Daina Janyewa

Na daɗe ina koyar da Ingilishi a kolej a nan Maraɗi, kuma akwai kalma ɗaya da nake tsallakewa duk lokacin da na ci karo da ita a littafin karatu. Ɗalibai ba su taɓa lura ba, don a wurinsu duk abin da mushe, wato malami, ya tsallake rahama ce. Kalmar gajera ce, baƙi huɗu: loch. Asalinta ma ba Ingilishi ba ne, ta mutanen Sikotlan ce, da ita suke kiran manyan ruwayen ƙasarsu. Ba alfahari ba, ban ga malamin da ya fi ni sanin ta a garin nan ba, domin daga bakin mai ita na koye ta, a cikin mota, a kan hanyar Jiratawa.

Wani rani ne, muna hutun sati biyu, sai wani abokina da muka yi lakol, wato makarantar boko, tare ya same ni a gida a Sabon Gari. Yana aiki a wani proje, wato shirin samar da ruwa. Ya ce sun yi baƙo, injiniya, wanda Faransancinsa bai wuce gaisuwa ba, suna neman tafinta na ƴan kwanaki. Aikin baƙon shi ne ya duba tabkuna uku ya zaɓi guda, a yashe shi a zurfafa, yadda zai riƙe ruwa shekara ta zagayo. Ɗaya daga cikin ukun shi ne na bayan unguwarmu a Tsibiri, inda na girma. Ban ma bari ya gama magana ba na ce na yarda.

Baƙon dattijo ne dogo, fuska ja tana saɓa saboda rana, marar yawan magana. Shayi yake sha ba sukari, abin da na riƙe shi da shi har ya tafi. Ranar farko rabin maganarsa kawai na gane, har na fara zargin ko takardun da aka ba ni na ƙarya ne. Da na gaya masa, sai ya yi dariya ya ce kada in damu, Ingilawa ma haka suke kuka da su.

Jiratawa muka fara zuwa, don ya ga yadda ake noman ban-ruwa a nan. Ya tsaya ya daɗe yana kallon ruwa na bin magudanar siminti, ga zogale ga albasa kore shar a tsakiyar rani. A hanyar dawowa ya fito da ƙaramin littafi ya ce in ba shi sunayen da muke kiran ruwa da su. Na ba shi gulbi, na ba shi ƙorama, tabki, kududdufi, fadama, ina bayani yana rubutawa. Da na gaji da a yi ta tatsa ta, sai na ce to su fa. Nan ya ciro waya ya shiga nuna mini hotuna.

Ruwa ne baƙi ƙirin, dogo, kwance tsakanin duwatsu, ba ka ganin ƙarshensa. Ya ce wannan loch ne. Na maimaita, ya girgiza kai, ya ce ƙarshen daga maƙogwaro yake fitowa. Na sake gwadawa da ha mai ruwa, wadda aka koya mana a allo, sai ya buga cinya ya ce na fi ɗan Landan iyawa. Ya ce kalmar ta tsohon harshensu ce, wanda yawancinsu ba su ji yanzu, amma ita sun ƙi sakin ta. Ko da Ingilishi suke magana, ba su yarda su kira ruwansu da kalmar Ingilawa. Ruwan daɗi da ke tsakiyar ƙasa loch ne. Inda teku ya kutso da dogon hannu cikin duwatsu, ruwan gishiri ke nan, shi ma loch ne. In ƙarami ne sai su ƙara masa wutsiya su ce lochan, kamar yadda za mu ce ɗan tabki. Kowanne da sunansa, kuma kullum kalmar ce ke gaba, sunan na biye.

Na ce masa, to a wane wata yake ƙafewa? Bai gane tambayar ba, sai da na sake ta. Ya ce ba ya ƙafewa. Inda kakan kakansa ya ga bakin ruwan, nan shi ma ya gan shi. Na karɓi wayar na ƙura wa hoton ido, mota na ta jijjiga mu. Ba zan ɓoye ba, hassada na ji. Ni da na tashi ina kallon ruwan unguwarmu yana raguwa kullum har ya zama tsagaggiyar ƙasa, sai ga wasu mutane Allah ya ba su ruwan da bai san tafiya ba. A raina na ce Tsibiri ma sai ta samu irinsa.

Akwai hoto ɗaya da ya daɗe a kansa. Ya ce a ƙarƙashin wannan akwai gidan da aka haifi kakarsa. Kwari ne da, mai ƴan gidaje da tumaki, aka datse shi don wutar lantarki, ruwa ya hau. Yanzu shi ma loch ake ce masa, kalma ɗaya da sauran, baƙo ba zai taɓa bambance shi da wanda Allah ya yi ba. Kakar tasa har ta mutu ba ta kira shi haka ba, da sunan kwarin take kiran sa. Ya ce shi ya sa ba ya taɓa ƙasa sai ya tambayi wa ke ci da ita. Na gyaɗa kai kamar mai hankali. Na ji shi sarai, kuma a daidai lokacin na san wa ke ci da tabkinmu, domin ita ta raine ni.

Gwaggona ƙanwar mahaifina ce. Mahaifiyata ta rasu ina ƙarami, ita kuma mijinta ya rasu ba su haihu ba, ta dawo gida, aka ba ta ni. Ba ta da gona. Abin da take da shi tsiri ne a cikin tabki, kuma sai na yi bayanin wannan, don ko a Maraɗi ba kowa ya san shi ba.

Tabkin namu shimfiɗaɗɗe ne kamar faranti. Da damina yana cika ya bazu, amma ko a tsakiya bai wuce ƙirjin babba ba. Ruwan sama na ɗaukewa sai ya fara janyewa, taku kaɗan kowane sati, yana barin baƙar laka a bayansa. Wannan lakar ta mata ce, kuma ba kowace mace ba: wadda miji ya mutu ya bari, da wadda aure ya ƙare ba ta koma ba. Kowacce tana da tsirinta, daga gaɓa zuwa tsakiya, mai faɗi a baki, yana tsukewa a ciki. Alamarsa wani kututture ne, ko dutse, ko bishiyar da ke bakin gaɓa. Ba a gadonsa, ba a sayarwa. In mace ta yi aure ko ta rasu, babbar cikinsu ta ba wata. Babu takarda, babu shaida, kuma ban taɓa jin an yi faɗa a kai ba. Maza ba su shiga, suna ce masa aikin zawarawa, har da ɗan murmushi.

Bin ruwa suke yi. Gwaggo takan taka lakar da ƙafa, in ta nutse har ƙauri sai ta ce da saura, in ta tsaya a idon sawu to lokaci ya yi. Sai ta soka sanda mai tsini, ta jefa wake, ta rufe da diddige. Sati na zagayowa ruwa ya ƙara ja, ta ƙara layi. Ba ban-ruwa, ba taki, lakar ce ke yin komai. Ana cikin sanyi za ka ga tabkin ya zama zobe-zobe, na waje ya yi ƴaƴa, na ciki yana fure, na can ciki yanzu ya tsiro. Waken wani iri ne ja, ƙanana, da ba ya yi sai a laka. In ka shuka shi da damina ganye kawai zai tara maka. Tana sa dankali da kabewa a gefe, amma waken ne ginshiƙi. Da shi muka ci, da shi aka ɗinka mini wandon lakol na farko. Ashe dai amfanin tabkinmu duk a tafiyarsa yake, kuma ban buƙaci kowa ya gaya mini haka ba.

Ranar da za mu Tsibiri abokina ya ja ni gefe a bakin biro, wato ofishinsu. Ya ce in sani, wurin da aka ji ƙanshin rigimar ƙasa ba su zuwa, tsallake shi ake yi a ba na gaba. Muna isa kuma mai unguwa ya riƙe hannuna ya yi nesa da ni kaɗan.

"Mushe," ya ce, "gari ukku ne ka neman wanga aiki. Allah ya sa ɗanmu ne bakin baƙon. Ka dai san abin da ya kamata."

Na ce na sani. Ban tambaye shi abin da yake nufi ba.

An shimfiɗa tabarmi a inuwa a bakin tabkin, wanda a lokacin ya bushe ƙayau. Maza sun zauna, mata suna tsaye can baya, na hango Gwaggo a cikinsu da zanenta na zuwa suna. Samari suka yi magana, kuma maganarsu gaskiya ce. Sun ce ana gama girbi ba su da abin yi sai ci-rani, wasu sukan tafi ba su dawo ba. Sun ce suna so su zama kamar mutanen Jiratawa. Na juya wannan duka da Ingilishi mai kyau, har na ƙara masa gishiri.

Sai baƙon ya tashi ya gangara cikin tabkin, ni da mai unguwa muka bi shi. Ya yi tafiya mai ɗan nisa ya tsuguna. Ya tsinci busasshen karan wake yana jujjuyawa, ya dubi ƙasa, inda sawun layukan ke nan ga mai ido. Ya ce, wa ya shuka wannan?

Na ce wasu tsofaffi ne ke ɗan watsa iri in ruwa ya ja, don rage zaman banza, ba wani abin kirki ba ne. Ya ce ƙasar ta wa ce? Na juya ga mai unguwa, murya ƙasa-ƙasa, na tambaye shi. Ya ce ta gari ce, ba mai ita. Gaskiya ya faɗa, ni ma na juya ta daidai, ban rage ba, ban kuma ƙara abin da na sani ba. Baƙon ya miƙe ya dubi wajen matan, ya ce zai so ya ji daga bakinsu. Na ce masa a al'adarmu baƙo namiji ba ya yi wa mata magana a taro, zai zama cin fuska ga mazan. Ya ba ni haƙuri, ya ce ba ya son ya ɓata wa kowa rai. Ya jefar da karan ya kakkaɓe hannu.

Gwaggo fa ko gwamna ne ya tsaya gabanta sai ta gaya masa abin da ke ranta, ta kuma tambaye shi ko ya ci abinci. Da na ɗaga hannu na kira ta, da ta gangaro. Na yi ta juya wannan a raina shekara da shekaru, ina neman sunan da zan ba shi. Akwai tsoron kada a kai aikin wani gari. Akwai son a ce ɗan unguwa ya kawo ruwa. Akwai kuma wanda na fi jin kunyarsa: ban so mutumin da ya nuna mini ruwan da ba a ganin ƙarshensa ya san cewa da diddigen tsohuwa a cikin taɓo aka yi mini wando ba.

Da aka tashi Gwaggo ta aiko da fura a kwano aka ba baƙo, ni kuma na leƙa gida in gaishe ta.

"Mushe," ta ce, don tun da na fara koyarwa take tsokana ta da sunan, "mi Anasaran ya ɗauka a ƙasa?"

"Laka ya duba."

"Ya ce mai kyau ce ko?"

"Ya ce mai kyau ce."

Ta yi dariya har da tafa hannu. Ta ce ai ta sani, babu irinta a duk ƙasar nan. A tunaninta in aka ƙara wa tabki ruwa, zai daɗe yana ja, su daɗe suna bin sa, su yi layuka fiye da na kullum. Ta fara lissafin wa za a ba tsirin wata da ta rasu. Na sha ruwa na ce ana jira na a mota.

Tabkinmu aka zaɓa. Baƙon ya koma ƙasarsu, rani na gaba katafila ta zo. Ta kankare baƙar lakar ta tara ta a gefe kamar ganuwa, masu amalanke suka yi ta kwasa suna buga bulo. Farantin ya zama rami mai tsayayyar gaɓa. Damina ta zo ya cika. Da kaka ta yi, ruwan ya sauka kamu biyu ko uku a jikin bango, ya tsaya nan.

Ban je Tsibiri ba a wannan kakar. Tafiyar da ba ta kai rabin awa a babur, amma kullum ina da kwafin yara da zan gyara. Matata ce ta je wani biki ta dawo ta gaya mini. Ta ce kowace safiya Gwaggo na ɗaukar sandarta ta je bakin tabkin ta leƙa, ta dawo ta ce da saura. Ta yi haka har sanyi ya shiga. Matata ta dube ni ta ce, ai kai ne tafinta, ba a yi maganar matan ba? Na yi mata tsawa a kan miyar da ta yi gishiri. Ba ta sake tambaya ba.

Dole in yi wa tabkin adalci, kuma wannan ne ya fi ci mini rai. Ya yi amfani. An kewaye gaɓarsa da lambuna, ga ganyen salati ga kabeji ga tumatir. An zuba kifi. Shanu na sha har bazara. Samarin da na sani da yawa sun daina tafiya, sun yi aure, suna tura kaya kasuwar Maraɗi. Da ya lalace, da na samu abokan baƙin ciki. Amma duk wanda ya gan ni a Tsibiri sai ya riƙe hannuna ya sa mini albarka, wasu har su cusa mini kabeji a jaka.

Na je wurin kwamitin da ke raba lambunan, na ɗaga murya, na ce ina rabon matan da aka kora daga lakarsu. Na yi Faransanci, na yi Hausa, na buga tebur. Mai unguwa ya bari na gama.

"Mushe, ba wanda ya kore su. Kuma ran nan ai kai ne bakinmu. Abin da ka hwaɗa ma baƙon, kai ka sani."

Na nemi wuri na zauna. Ba mugu ba ne, a ƙarshe ya sa aka yankar wa matan fili ɗaya a can ƙarshe su yi tarayya. Sai dai lambu yana son inji, ko ƙarfin da zai hau gaɓa da ruwa sau talatin a wuni. Matan da suka saba ruwa ya yi musu aiki ya tafi, yanzu sai su ɗauko shi a ka. Wasu suka haƙura tun farko. Gwaggo ba ta iya haƙura ba. A sati na uku santsi ya kwashe ta da bokiti biyu a hannu, ta bugu a kwatangwalo. Na je da mota na ɗauko ta, na kawo ta gidana a Sabon Gari.

Na ɗauka in na ba ta ɗaki da abinci da jikoki, na biya. Ta warke da ɗan ɗingishi, ta yi wata biyu tana zaune, tana gyara wa matata yadda ake tankaɗe, har suka fara kai ruwa rana. Wata safiya na tashi ba ta nan. Ta bi wasu matan maƙwabta zuwa Jiratawa, inda masu lambu ke ɗaukar mata aikin wuni suna tsinke ganyen zogale. Da yamma ta dawo a bayan a-kori-kura, hannunta kore, ƙugunta na ciwo. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce me mutane za su ce, gwaggon malamin kolej tana ƙodago a lambun wasu? Na ce na hana.

"Ɗiyan lakol kake ba oda," ta ce, tana kwance ɗankwali. "Ni ban iya ci daga hannun da ba nawa ba, ko da naka ne. Kuma can aƙalla ƙasa na taɓa ƙahwata."

Washegari ta koma. Ban sake hana ta ba, na dai riƙa kauce wa ƙofar gida a lokacin da motar ke sauke su.

A cikin haka saƙo ya shigo wayata daga baƙon. Ya yi ritaya, yana tambayar lafiyata, yana so ya ga yadda ɗan lochan ɗinmu ya zama, haka ya kira shi cikin wasa. Na zauna a ɗakin malamai na rubuta masa komai, tun daga karan waken da ya tsinta. Na karanta, Ingilishin ya yi kyau. Na tuna kakarsa, na ce me zan ƙara wa tsoho in ban da nauyi, shi da ya yi tambaya har sau uku. Na goge. Ran Lahadi na hau babur na je Tsibiri na ɗauko masa hoto daga inda lambuna suka fi kore. Ya amsa da cewa wannan na cikin ayyukan da ya fi alfahari da su. Har yau ban san ko tausayinsa na ji ba, ko nawa.

Gwaggo dai na gaya mata. Wata Juma'a ce bayan an sauko daga masallaci, ba aiki a Jiratawa, tana zaune a tabarma tana ɓarar gyaɗa. Na zauna a gefe na ɗebi kaɗan ina taya ta. Na ce mata ranar taron ba laka baƙon ya duba ba. Ya tambayi wa ya shuka wake, na ce wasa ne. Ya nemi ya yi magana da su, na hana. Hannunta bai tsaya ba. Na so ta zage ni, wallahi na so, ta iya zagi mai shiga jiki.

"Da ka hwaɗa mai, da sun bari?"

"Ban sani ba, Gwaggo. Ƙila da sun bar gefe ɗaya. Ƙila da sun tahi wani gari."

"To. Ni ma ban sani ba." Ta hure ɓawon da ke cinyarta. "Wasa ka ce?"

"Haka na ce."

Ta miƙo mini faifan ta ce in kai wa matata. Bayan nan ba abin da ya canja da za a nuna da yatsa. Tana gaishe ni, tana amsa gaisuwata, tana yi wa yara tatsuniya. Sai dai ta daina ce mini Mushe, ta koma kira na da sunana na yanka kawai.

Kaka ta sake zagayowa. Wata rana na dawo daga kolej da azahar, yunwa na ci na, na tarar Gwaggo ce a bakin murhu, abin da ba ta saba ba. Ta dafa wake da mai da yaji, ta zuba mini a kwanon da ta san ina so. Loma ɗaya na yi na gane shi. Ja ne, ƙanana, yana narkewa a baki, da ɗan zaƙin nan da wake na kasuwa ba ya da shi. Na yi murna kamar yaro. Na cinye na miƙa kwano, ta ƙara mini. Yara ma suka ci har suna faɗa a kan ƙanzo. Sai da na wanke hannu hankalina ya dawo, na ce a ina ta samo shi, wa ke noma shi yanzu?

"Ba kowa," ta ce. "Iri ne."

Ta nuna bakin ɗakinta da haɓa. Wani gora ne a kife, an fasa lakar da aka liƙe bakinsa da ita, ga toka a zube a gefe. Ban ma san ta zo da shi daga Tsibiri ba. Ta ce na uwarta ne, ita ma daga wata tsohuwa ta karɓa. Kowace shekara ana zaɓar mafi kyau a zuba a toka, a shuka, a sake zaɓa. Ta ce ya kwana uku a goran, kwana tana nufin shekara, kuma in ya ƙara ɗaya ba zai tsiro ba. Ta tambayi sauran matan, duk sun daɗe da cinye nasu.

Na ce da ta gaya mini. Na ce akwai wasu tabkuna, akwai bakin gulbi, da na nema mata wuri, da na hau babur na zagaya ƙauyuka.

"Kowane tabki da matansa," ta ce. "Ka ƙoshi?"

Ta ɗauki tukunyar ta nufi wurin wanke-wanke tana ɗingishi. Na je na tsuguna a bakin ɗakin, da rigar aiki a jikina, na girgiza goran, na baza tokar da tafin hannu ina tonawa da yatsa. Ƴata ƙarama ta zo ta tsaya a kaina tana tambaya me ya ɓace mini. Gwaggo ba ta taɓa yin aiki rabi da rabi ba, ta tankaɗe tokar da kyau. Ko ƙwaya ɗaya ban samu ba.